Kwalbar Yaya da ɗakin gwajin da na kai ta a Kano

Ranar wata Laraba na shiga motar Kano daga Gumel da kwalba a aljihun gaban rigata, hannuna dafe da ita tun daga Gujungu har tashar Yankaba. Dattijon da ke kusa da ni sai satar kallona yake yi, na san ya ɗauka kuɗi na ɓoye. Abin da ke ciki kuwa 'yan zaren tsoka ne guda uku, kowanne bai kai tsinken ashana ba, da aka zaro da allura daga maman yayata na hagu. Wani ɗakin gwajin tsoka mai zaman kansa a cikin birni aka tura ni. Ba zan kama sunansa ba, domin ina da yabo ina da ƙorafi, kuma ba na son ƙorafina ya ɓata wa wani kasuwa. Wanda irin lalurarmu ta same shi, abin da ya fi buƙata shi ne ya san me zai tarar, ko a nan ko a wani wuri irinsa.

Ni malamin kimiyya ne a ƙaramar sakandaren ƙauyenmu. Yaya ita ta goye ni bayan rasuwar mahaifiyarmu, shekarunta 58, sana'arta man gyaɗa da ƙuliƙuli. Duk shelar da ake yi a rediyo cewa mace ta riƙa laluba mamanta ko za ta ji ƙullutu, Yaya ta ji, ta kuma laluba, ba ta ji ƙullutu ba. Gefe ɗaya ne kawai ya yi kauri, kamar tuwon da ya kwana, daga baya kan maman ya fara shigewa ciki. Wata bakwai ana shafe-shafe da jiƙe-jiƙe. Da na matsa muka je asibiti aka yi hoto, mai hoton ya ce bai ga wani abin a zo a gani ba. Likitan tiyata ne da ya taɓa da hannunsa ya ce shi bai yarda da hoton ba, a ɗebi tsoka.

Wurin tsaf yake, da kujeru da fanka, ba cunkoso. Abin da ya fara burge ni shi ne tambayar da yarinyar da ke karɓar kaya ta yi. Kafin ta ce komai kan kuɗi sai ta ce, "Malam, ƙarfe nawa aka saka tsokar a ruwan nan?" Na ce jiya Talata bayan Azahar. Ta rubuta a jikin takarda, ta ɗaga kwalbar ta duba ko ruwan ya rufe tsokar. Daga baya na gane dalili. Ruwan nan mai warin yaji sunansa fomalin, shi ke hana tsoka ruɓewa, kuma ƙa'idar gwajin tsokar mama ita ce a jefa ta ciki kafin awa ɗaya da cirowa, ta zauna daga awa 6 zuwa awa 72. In ta gaza haka ko ta zarce, gwajin na iya cewa babu alhali akwai. Da na biye wa shawarar wani abokina na bari sai Litinin in haɗa da wata tafiya, da mun yi asarar kuɗi mun kuma karɓo amsar da ba ta da tabbas. A asibitin da aka ba ni kwalbar ba wanda ya gaya min wannan.

Daga nan ne ƙorafina ya fara. Na biya abin da aka ce, aka ba ni rasit, aka ce in dawo bayan kwana goma. Na dawo, aka miƙo min takarda: ciwon daji ne, ga alama irin wanda ake kira lobula, mai farawa daga 'yan jakunkunan da ke haɗa ruwan nono, kuma ana buƙatar ƙarin gwaji huɗu don a tabbatar. Kuɗin ƙarin ya ninka na farko har da ɗoriya. Su da suke wannan aiki kullum sun san duk tsokar mama da ta nuna daji sai an yi mata waɗannan gwaje-gwaje. Me ya hana a gaya min tun ranar farko, in san irin shirin da zan yi? Na koma gida hannu rabbana, ranar Alhamis na ja ragon da nake kiwo don layya zuwa kasuwar Maigatari, na sayar da shi a farashin mai gaggawa, wanda dillalai ke shinshinowa tun daga nesa.

Na biya, aka sake cewa kwana goma. Ya zama kwana goma sha tara. Lambar da ke jikin rasit ɗin na kira ta ya fi sau ashirin, sau biyu aka ɗauka. Ranar da kwana goman ta cika na yi asubanci, na bar ɗalibaina da aikin allo, na isa aka ce uku sun fito, na huɗun sinadarinsa ya ƙare ana jiran a kawo daga Legas. Saƙon tes na naira nawa ne? Mutumin birni zai hau adaidaita ya koma gida ya ce gobe ma rana ce. Mu kuwa kowane zuwa kuɗin mota ne na zuwa da dawowa, da yini guda, da mara lafiya a gida tana kallon ƙofa.

Gwajin da ya jinkirta ɗin shi ne wanda na raina. Ukun farko na fahimce su: biyu suna duba ko ciwon yana cin abinci daga sinadaran mata, istirojin da furojestaron, na uku yana duba wani furotin mai suna HER2 wanda ke da maganinsa na musamman. Na huɗun a takarda an rubuta E-cadherin, da na tambaya aka ce ba shi da magani. Raina ya ɓaci. Na ce wa yarinyar, to abin da ba shi da magani me ya sa zan biya kuɗinsa, har in jira shi kwana tara? Muryata ta ɗan ɗaga, har likitar da ke duba gilasan ta leƙo. Mace ce mai kimanin shekaruna. Ta ce, "Malam, shigo ka gani da idonka."

Kwata ɗin awar da na yi a ofishinta shi ne ya sa nake wannan rubutu.

Ta zaunar da ni gaban madubin ƙara girma. Rabona da leƙa irinsa tun ina kwalejin horon malamai, namu na makaranta ya daɗe da mutuwa. Ta ce an daskarar da tsokar Yaya cikin kakin kyandir, an yanka ta siriri fiye da fatar albasa, an zuba mata wani sinadari da ke neman furotin ɗin nan kaɗai, duk inda ya same shi wurin zai yi ruwan ƙasa. Ta fara nuna min wani lungu da ciwon bai taɓa ba. Ƙwayoyin halitta ne jere a zagaye, kowacce da zanen ruwan ƙasa a gefenta, sak saƙar zuma. Sai ta ɗan matsar da gilashin. Nan kuma babu zane ko ɗaya. Ƙananan ƙwayoyi ne shuɗaye, ɗaya bayan ɗaya, suna ratsa tsoka a layi. Ban san lokacin da na ce, "Jerin gwano!" ba. Ta yi dariya ta ce ko a littattafansu abin da ake kiransa ke nan, tafiyar layi ɗaya.

Abin da ta bayyana min, da abin da na ƙara karantawa a waya cikin dararen da barci ya ƙi zuwa, ga shi yadda na fahimce shi. Ƙwayoyin da ke shimfiɗe a bututun nono da hanji da fata ba tara su kawai aka yi ba. Kowacce tana miƙo wani furotin ta jikin bangonta ya kama irinsa na maƙwabciya, shi ne kadarin, wato E-cadherin ɗin nan da aka rubuta a takarda. Wani masanin Japan, Masatoshi Takeichi, ya nuna a 1977 cewa akwai irin mannewar da ba ta yiwuwa sai da kalsiyam, aka raɗa wa furotin ɗin suna a 1984. Umarnin ƙera shi yana cikin wata ƙwayar gado da ake kira CDH1, a kuromosom na 16, ɗaya daga cikin ƙunshe-ƙunshen da ke riƙe da ƙwayoyin gado. A cikin masu ciwon dajin mama, kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari irin na lobula ne, kuma kusan tara cikin goma na waɗannan kadarin ɗinsu ya ɓace. Tubalin da ba kwaɓi a tsakaninsa ba ya tashi gini. Shi ya sa Yaya ba ta ji ƙullutu ba, shi ya sa hoto bai kama shi ba. Ciwon ba ya dunƙulewa, yaɗo yake yi kamar kabewa a cikin shuka.

Har nan na ce na gane, gam ne ya saki. Sai likitar ta ce a'a, in na tsaya a gam na bar rabin labarin. Kadarin yana da jela a cikin ƙwayar, kuma a jikin jelar akwai wasu furotin a ɗaure da ake kira katenin, sunan daga kalmar Latin ce mai nufin sarƙa. Ta ce in ɗauki kadarin a matsayin turke. Muddin turken na nan, abin da aka ɗaure yana nan a gefen gida yana aikin riƙe bango. Ranar da turke ya tumɓuke, akuyar ɗaure ta samu sake.

Wanda ya fi suna a cikinsu shi ne beta-katenin. Aiki biyu gare shi. A jikin turke maɗauri ne, yana haɗa kadarin da zaruruwan da ke ba ƙwaya siffarta. In yana yawo kuma ɗan aike ne na wata hanyar saƙo da ake kira Wint: idan ya taru da yawa sai ya shige cibiyar ƙwayar inda littafin gado yake, ya kunna ƙwayoyin gado masu cewa a rabu a yawaita, irin su MYC. Jiki bai bar shi sakaka ba, akwai wata ƙungiyar furotin da ke kama duk wanda ya kuɓuce ta lalata shi, babba a cikinta shi ne APC. A ciwon dajin babban hanji, kusan takwas cikin goma APC ɗin ne ya lalace, sai ɗan aike ya cika fada da saƙon da ba wanda ya aiko shi.

Ni da ɗan karatuna na yi caraf na ce, to haka ya faru da Yaya ke nan. Ta girgiza kai. Ta ce a lobula yawanci masu kamun suna nan da ƙarfinsu, beta-katenin yana sakin turke ake cinye shi. Wanda ke yin ɓarnar ɗan'uwansa ne, p120. Shi ba a cinye shi, sai ya bazu cikin ruwan ƙwayar ya taɓa wasu makunnai da ke sarrafa zaruruwan nan. Lafiyayyar ƙwayar bututu idan ta rabu da 'yan'uwanta kashe kanta take yi, haka aka tsara ta, don kada ta je ta tsira a inda ba gidanta ba. Wadda p120 ya bazu a cikinta ba ta mutuwa, sai ta ci gaba da rayuwa ita kaɗai. Akwai kuma wata hanyar saƙon girma mai suna AKT da ke ƙara ƙarfi idan kadarin ya tafi. Wani babban bincike da aka fitar a Amurka a 2015, kan tsokar mata fiye da 800, ya samu wannan hanya ta fi ruruwa a lobula fiye da sauran nau'o'in. Ta ƙara da cewa riƙon da ƙwaya ke yi wa maƙwabciyarta shi kansa saƙo ne, yana gaya mata wuri ya cika, ta daina haihuwa. Wadda ba ta jin kowa a gefenta gani take fili ne.

Na koyar da darasin ƙwayar halitta shekara goma sha huɗu ina zana da'ira a allo da ɗigo a tsakiya, kamar kowacce zaman kanta take yi. Ranar na ji kunyar allona.

Wani abu da na karanta daga baya ya rage min saurin yanke hukunci. Na ɗauka duk ciwon da ya riƙe kadarin ɗinsa mai sauƙi ne. Ashe a 2019 masu bincike a jami'ar Johns Hopkins sun nuna a jikin ɓeraye cewa a ɗaya nau'in, na bututu, wanda ya fi yawa, ƙwayoyin da suka riƙe kadarin sun fi iya tsira a jini su kafa sabon zama a huhu. Don haka wanda ya ga an rubuta akwai a tasa takardar kada ya ce ya tsira, wanda ya ga babu kada ya ce ta ƙare. Layin yana faɗin irin halin ciwon ne.

Na yi mata tambayar da ta fi damuna, domin Yaya na da 'ya'ya mata uku. Ta ce gwajin da suka yi na tsokar ciwon ne, ba ya nuna gado, kuma a mafi yawan mata lalacewar a cikin maman take faruwa, ba a haife su da ita ba. Amma akwai zuri'o'i ƙalilan da ke gadon CDH1 a lalace. An fara gano haka a 1998 a wani dangin Maori na ƙasar Niyu Zilan, waɗanda ciwon dajin tumbi ya yi ta ɗauke wa matasa, a binciken da Parry Guilford na jami'ar Otago ya jagoranta. Matan irin waɗannan gidaje suna da haɗarin lobula ma. Ta tambaye ni ko a danginmu an taɓa samun mai ciwon dajin ciki da ƙuruciya, ko wata mai na mama. Na lissafa har kakanni ban samu ba. Ta ce to 'ya'yan su riƙa zuwa ana duba su, kuma su san ba ƙullutu kaɗai ake nema ba: kauri, ko canjin fata, ko kan mama ya shige, duk abin zuwa asibiti ne.

Shin gwajin ya ci kuɗinsa? Gaskiya ita ce ba shi ya zaɓa wa Yaya magani ba. Wanda ya yi wannan shi ne na istirojin, da ya nuna ciwon da shi yake rayuwa, HER2 kuma babu. Da yake ta daɗe da daina al'ada, aka ɗora ta kan ƙwayar letirozol mai rage istirojin a jiki, ɗaya kullum, aka ce aƙalla shekara biyar. Amma da likitan tiyata ya karanta layin kadarin sai ya gyara zama. Ya ce irin wannan ya kan fi abin da hannu ke ji faɗi, don haka ba zai yanki gefe ya bar saura ba, duka zai cire. Ya sa aka duba ɗaya maman da kyau. Ya kuma ja min kunne cewa lobula in zai yi ƙaura yana son ƙashi da tumbi da hanji da rufin ciki da ƙwan mahaifa, saboda haka in Yaya ta fara ƙorafin kumburin ciki ko saurin ƙoshi kada mu tsaya sayen maganin olsa a kemis. A ƙauye wa zai haɗa ciwon ciki da maman da aka cire bara? Wannan gargaɗi kaɗai, a wurina, ya biya ragon.

Sauran abubuwa ƙanana. Suna karɓar turansifa da kati. Takardar sakamakon shafi ɗaya ce da Turancin likitoci zalla, ni mai koyar da kimiyya ma sai da aka fassara min, ina ga wanda bai yi boko ba. Kuma bayanin da na samu ba ya cikin tsarinsu, faɗa na yi ya jawo min shi. Ina fitowa na ga wani bawan Allah da rawani, da ka gan shi ka ga mutumin karkara, an miƙa masa ambulan ya juya ta gaba da baya ya sa a aljihu ya fita. Da za su ware ko rabin awa a rana likita ta zauna da masu karɓar sakamako ta yi musu bayani da Hausa, da na ce ba su da na biyu. Abin yabo na ƙarshe: da na nemi a ba ni dunƙulen kakin da tsokar ke ciki, ba su yi gardama ba, na sa hannu aka ba ni. Ku riƙa karɓa. In an tura ku wani asibiti, da shi za a sake gwaji ba sai an sake huda mara lafiya ba. A ajiye shi inda ba zafi, kaki ne, narkewa yake yi. Namu yana cikin gwangwani a bayan randa.

In aka tambaye ni ko a kai musu, zan ce a kai, aikin idonsu da hannunsu mai kyau ne. Sai dai a tafi da shiri: a rubuta ranar da lokacin da aka saka tsoka a fomalin, kada a kwana biyu da kwalba a gida, a tambayi jimillar kuɗi har da gwaji huɗun nan tun a zuwan farko, a karɓi lambar wani ma'aikaci da bakinsa ban da ta jikin rasit, kuma kada a hau mota sai an ji ta waya cewa duka sun fito.

Da na koma gida a daren da na karɓo takardar, Yaya na zaune a tabarma tana ɓarar gyaɗa. Ta ce, "Auta, me suka gani?" Na rasa ta inda zan fara, sai na ɗebi gyaɗar na tara ta wuri ɗaya, na ce haka naman lafiya yake, kowa riƙe da ɗan'uwansa. Na ja guda biyar na jera su a layi, na ce naki kuma sun saki hannun juna sun kama hanya. Ta daɗe tana kallon layin. Sai ta ce, "To ai ba su da zumunci ke nan." Ta share su da gefen hannu ta mayar cikin tulin.

An yi aikin bayan ƙaramar Sallah. Yanzu wata biyar ke nan. Ƙwayar na sa mata ciwon gwiwa da na yatsu, musamman da sassafe, hannun hagun kuma bai gama ɗaguwa ba, don haka babbar 'yarta ke murza tunkuza, ita tana daga zaune tana faɗan an cika wuta. Ranar Litinin mai zuwa za mu koma a duba ɗaya maman.